Tukunyar Bugazau: Tarihin Giyar Dawa da Abin da Ta Bar Mana



Gabatarwa

Kowa a cikinmu ya taɓa jin an ce, "Ko giyar wake na sha ba zan yi haka ba." Kowa ya ji ana cewa giyar mulki ta ɗebi wane, ko giyar kuɗi ce ke ɗibarsa. Liman na faɗa, kakanninmu na faɗa, mu ma muna faɗa ba tare da mun tsaya mun yi tunani ba. To, ai mutane ba sa karin magana da abin da ba su sani ba. In har Bahaushe ya san yadda giya ke juya kan mutum har ya kwatanta ta da sarauta, ya taɓa zama kusa da tukunyarta ke nan.

Tun da wuri bari in faɗi matsayina, don kada a juya mini magana a bakin kasuwa. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, ba na kuma kiran kowa ya sha. Amma tarihin da aka cire masa abin kunya ya zama kirari, mu kuwa ɗalibai ne, ba maroƙa ba. Abin da nake so mu duba shi ne: wa ke dafa giya a ƙasar Hausa a da, me ya sa tukunyar ta mutu, me ya maye gurbinta, kuma wane ilimi ne ya tsira daga cikinta wanda yake halal, yana nan cikin gidajenmu na Dungu har yau.

Yadda ake dafa ta

Da dawa ake yin giyar gargajiya, wani lokaci a haɗa da gero. Sunayenta da yawa: giya, burkutu, fito. A Yamai za ka ji ana cewa capalo, a Burkina Faso da Mali kuma dolo. Kusan ko'ina aikin mata ne.

Bayanin dahuwar na samo shi daga wata tsohuwa, sa'ar kakata, wadda aka haifa a gidan arna a wani ƙauye na wajen Kance, kafin gidan ubanta ya shiga Musulunci. Da na tambaye ta, sai da ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, me za ka yi da wannan tsohon zance?" Na ce, "Iya, rubutawa zan yi don kada ya ɓace." Ta yi dariya, sannan ta kwance mini.

Ana jiƙa dawa kwana guda, a tsane ta, a shimfiɗa a inuwa a lulluɓe da ganye, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku zuwa huɗu sai ta fito da tsiro. A shanya a rana ta bushe, a niƙa. A dama garin da ruwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasan har ya yi kauri, a bari ya ɗan huce, sannan a mayar masa da ruwan nan da aka ajiye. Ya kwana ya yi tsami. Washegari a tace, a dafa ruwan na sa'o'i masu yawa, a sauke ya huce, a zuba masa ɗan abin da ya kwanta a gindin tukunyar da ta gabata. Kwana ɗaya ko biyu sai ka ga kumfa na tasowa. Daga jiƙo zuwa sha kusan mako guda ne. Dusar kuwa dabbobi ake ba.

Yanzu mu ɗauko abin da mushe ya koya mana a ajin kimiyya mu aza a kai. Ƙwayar dawa cike take da sitaci. In ta fara tsira, sai ta fitar da wasu sinadarai masu narkar da sitacin ya koma sukari, don jaririn tsiron ya samu abinci. Waɗannan sinadarai ba sa jure tafasa, amma sitacin dawa ba ya sakin jiki sai ya sha wuta sosai. To ka ga dabarar tsiyaye ruwan sama: sinadaran suna cikin ruwan, an ɓoye su daga wuta, an dafa sitacin shi kaɗai, sannan an haɗa su bayan zafi ya sauka. Matan da ba su taɓa shiga lakwal ba su suka gano wannan da ido da harshe. Abin da ke gindin tsohuwar tukunya kuma yis ne, irin wanda ke kumbura fanke, shi ke cinye sukarin ya mai da shi abin maye da iska. A wajen 1857 Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar wa duniya cewa wasu ƙananan halittu masu rai ne ke wannan aiki.

Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo gare shi: matakin farko zaƙi yake bayarwa, mataki na biyu ne ke kawo maye.

Kafin Musulunci ya game ƙauyuka

Tsohon littafin nan na Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Ingilishi a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933, ya lissafa manyan mutanen da ke kewaye da Barbushe a gindin Dala kafin zuwan Bagauda. Akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, akwai kuma mai dafa giya, sunansa Bugazau. Ku lura, an jera shi ne tare da maƙeri. Wato a wancan zamani dahuwar giya sana'a ce mai shugaba, kamar ƙira da farauta.

Su waɗanda suka ci gaba da addinin gargajiya, mu nan Nijar arna ko anna muke ce musu, a Kano da Katsina kuma Maguzawa. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, littafinsa ya fito a 1946, Guy Nicolas kuma ya yi shekaru yana binciken annan kwarin Maraɗi. Abin da irin waɗannan bincike suka nuna ya zo daidai da abin da tsofaffinmu ke faɗa. Giya na shiga bikin aure, tana shiga zaman makoki, ana zuba ta wajen tsafi. A bori ma akwai Sarkin Arna, iskan da aka sani da shan giya.

Amma babban gurbinta shi ne gona. Mutum in ya kira gayya, da tuwo da giya yake sallamar waɗanda suka zo masa noma. Ba kuɗi a tsakani. Dawar bara ce ake dafawa a jawo hannuwan da za su noma dawar bana. Matar da ta iya dahuwa kuma tana da abin kanta, tana sayen akuya da tunkiya da ribarta.

Tsohuwar nan ta ce mini shan yana da ƙa'ida. Ba a taɓa ƙwarya sai an tashi daga aiki. Babba ke fara sha. Yara ba sa zama a wurin. Giyar kuma ba ta ajiyuwa, bayan kwana biyu ta koma tsami, don haka ba mai ɓoye ta ƙarƙashin gado ya sha shi kaɗai. Na ce, "To Iya, ashe abin lafiya lau ne?" Ta ce, "Wane lafiya! Na ga an fasa wa mutum kai a gidan buki. Na ga maigidan da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, matansa na tsinkar tafasa." Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce na yi wa zamanin da kwalliya. Ƙa'ida tana rage ɓarna ne kawai, ba ta hana ta.

Hani da yadda ya zo

Alƙur'ani mai girma bai hana giya rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an nuna cewa zunubinta ya fi amfaninta girma. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye. A Suratul Ma'ida, aya ta 90, aka yanke hukunci a nisance ta gaba ɗaya. Akwai kuma hadisin da ya shafe mu kai tsaye: Abu Musal Ash'ari ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da abubuwan sha biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma, ɗaya na dawa da sha'ir, amsar da ya samu ita ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Mazhabar Malikiyya da muke bi a kan haka take: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma an hana. Ba wata ƙofa da aka bar wa burkutu don kawai da dawa aka yi shi.

Sai dai sanin hukunci daban, isarsa kowane ƙauye daban. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Daga nan har ƙarni biyar ana zaune, masallaci a birni, tukunya a ƙauye, wani lokaci ma a bayan fada. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya jera wa sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi akwai ci da shan abin da suka ga dama, ba ruwansu da halal ko haram. Bayan jihadin 1804 aka tsaurara a birane, amma ba a tilasta wa arnan ƙauye barin al'adarsu ba muddin suna biyan jiziya. Masana da dama na ganin kalmar Maguzawa daga Majusu ta fito, suna ne da ya ba su wannan matsayi a shari'a.

Ko bayan jihadin ma abin bai ɗauke ƙaf ba. Baturen nan Clapperton, da ya sauka a garin Kulfo ta wajen ƙasar Nupe a 1826, ya rubuta labarin wani abin sha da ake kira buza, na dawa da zuma da barkono da saiwar wata ciyawa, ana barinsa kwanaki cikin manyan tukwane kusa da wuta. Ya kuma nuna ba arna kaɗai ke sha ba.

Mu nan yankinmu ba mu shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Damagaram Barno take kallo, sarakunan Daura da aka kora suka zauna a Zango, na Katsina suka kafa Maraɗi. Sarakunan Damagaram Musulmi ne, fadarsu cike da malamai, musamman zamanin Tanimun wanda ya rasu a 1884. Amma ƙauyukan arna sun ci gaba da zamansu suna biyan abin da aka aza musu.

Zuwan Nasara da kwalba

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Burusel, wadda a cikinta suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da wannan hujja Ingilishi suka hana kawo ta Arewacin Najeriya. Faransawa kuwa suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, Zinder ta zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926. Dokar tana kan takarda, amma shi Nasara bai bar kwalbarsa a gida ba. Bariki ya zama sabuwar mashaya: soja, akawu, kuku, direba, duk wanda ke karɓar albashi a ƙarshen wata nesa da idon iyayensa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ya biyo baya, kwalba ta samu hanya.

Tunda a shagunan birni da allunan talla kuna ganin sunayen nan, bari in ɗan fayyace irin giyar da Turawa suka kawo. Tasu da sha'ir ake yi, a sa mata wani fure mai ɗaci da suke kira hop, wanda ke hana ta saurin lalacewa. Iri biyu ce babba. Akwai el, wadda yis ɗinta ke aiki da ɗumi yana tasowa sama, ita ce ƴar'uwar burkutu ta kusa. Akwai laga, wadda ake yi a sanyi, yis ɗin na kwantawa ƙasa, ita ce fara garau ɗin da ta cika duniya. Baƙar giya kuwa el ce da aka gasa wani kaso na sha'irinta har ya yi baƙi, kamar yadda ake gasa kofi. Arthur Guinness ya kama hayar masana'antarsa a Dablin ta ƙasar Ailan a 1759. Wadda suke aikawa ƙasashen zafi suna ƙara mata ƙarfi da ɗaci don ta jure tafiyar jirgin ruwa, shi ya sa wadda ake yi a Najeriya har yau take da kashi 7.5 cikin 100 na sinadarin maye, alhali laga ba ta cika wuce kashi 5 ba.

Giyar alkama ma tana da labari mai kama da namu. A 1516 sarkin Babariya ta ƙasar Jamus ya kafa doka cewa ruwa da sha'ir da hop kaɗai za a sa a giya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne a bar wa masu gasa burodi alkama. Daga baya gidan sarauta ya riƙe dahuwar giyar alkama a hannunsa shi kaɗai, yana cin ribarta. Mu ma a nan alkama ba ta taɓa zama hatsin giya ba. Ƴar kaɗan ake nomawa a fadama da hunturu, ana ban-ruwa da jigo, ta tafi alkaki da finkaso da taliyar manya. Wa zai zuba abincin sarakuna a tukunyar gayya?

Daga nan masana'antu suka taso. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshe a Kaduna a 1963. Guinness ta kafa tata a Ikeja a 1962, ita ce ta farko a wajen Ailan da Birtaniya. A Yamai aka kafa Braniger a 1967, ta riƙa yin Bière Niger mai hoton raƙumin dawa, wadda mutanen birni suka laƙaba wa suna Conjoncture, wato ta zamanin matsi. Gardama ta shiga har cikin waƙa. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta Waƙar Giya yana faɗakar da ƴan zamaninsa. Mamman Shata kuma yana da sananniyar waƙarsa ta mashaya da ta ɗauki ɗaya ɓangaren. In abu bai damu jama'a ba, manyan mawaƙa biyu ba za su ɓata bakinsu a kansa ba.

Me ya kashe tukunyar ƙauye?

A ganina abubuwa uku ne suka taru.

Na farko Musulunci. Abin mamaki, a zamanin Nasara ne ya fi bazuwa cikin ƙauyuka. Yaƙe-yaƙe sun ƙare, hanyoyi sun buɗe, almajirai da fatake na yawo, matasa na tafiya cin rani Kano su komo da salla. Wanda ke son a yarda da shi a kasuwa, ko a ba shi aure a gari, ba zai so a kira shi arne ba. Daga baya wa'azi ya ƙara ƙarfi, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da shigowarta Nijar.

Na biyu kuɗi. Nasara ya aza haraji da kuɗi, gyaɗa ta zama abin nema a duk faɗin Matamaye da Magarya. Mai noma maka yana son abin da zai kai wa mai karɓar haraji, ƙwaryar giya ba ta biyan wannan. Ƙwadago ya ture gayya, giya ta rasa babban aikinta.

Na uku yunwa. Daga Kakalaba ta 1913 da 1914, zuwa farin 1973 da 1974, zuwa ta 1984 da ake kira El Buhari, zuwa ta 2005, kowace ta koya wa mutane lissafin tiya. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun tsuke. Gidan da hatsinsa ba ya kai shi damina ba ya da dawar jiƙawa.

Amma ga wani abu da ya kamata ya tsaya mana a rai. A lokacin da tsiron dawa ke mutuwa a ƙauye, sai ya farfaɗo a masana'anta. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama Najeriya a 1987, ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Dole kamfanoni suka koma kan dawa da masara. Irin gajeren kaura mai lamba SK5912, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, yana cikin waɗanda suka karɓu wajen yin tsiro. Injiniyoyi suka yi ta fama da matsalar nan ta sitacin dawa mai son wuta da sinadari mai gudun wuta, wadda su Iya suka warware da tsiyaye. Kuma tsiro ba giya kaɗai ake yi da shi ba. Maltina, wadda ta fito tun 1976, da ire-irenta da muke saye da tsada ranar buki, ruwan tsiro ne da aka tsayar a matakin zaƙi. Wato muna sayar da dawa da tiya, muna sayen iliminmu a gwangwani.

Daga tukunya zuwa aljihu

Hani ya yi ƙarfi a zamaninmu. Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano da Katsina da wasu suka biyo a 2000. A Nuwamba 2013 Hisbar Kano ta farfasa kwalabe 240,000 a bainar jama'a. A Nijar doka ba ta hana sayarwa ga mai lasisi ba, amma fushin jama'a ya sha faɗawa kan mashaya: a Maraɗi a Nuwamba 2000 lokacin zanga-zangar ƙin bikin FIMA, da Zinder ranar 16 ga Janairu 2015, inda aka ƙona coci-coci da mashaya da cibiyar al'adun Faransa, aka kuma rasa rayuka.

To, tambayata gare mu ita ce: maye ya ragu a tsakanin sa'o'inmu? Kowa ya san amsa. Ku dubi yadda abin ya yi ta ƙanƙancewa yana ƙara dafi. Burkutu sai da tukwane da itace da mako guda, hayaƙinsa kowa na gani, ƙarfinsa bai cika kai kashi 6 cikin 100 ba. Kwalba ta zo, ana iya sa ta cikin jaka. Barasar leda ta biyo, mai kai wa kashi 40, tana shiga aljihu. Yanzu ga tramol, ƙwaya ƴar mitsitsiya, ba wari, ba kumfa, yaro ya haɗiya da shayi a gaban ubansa. Kuma me yake cewa? Wai don ya samu ƙarfin noma, ko ƙarfin tuƙa kabu-kabu. Aikin da gayya ke yi da waƙa da taron dangi, yau mutum ɗaya ke yinsa da ƙwaya, har ta kai shi ga faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

Ban ce a komo da tukunya ba, Allah ya kiyaye. Abin da tarihin ya nuna mini shi ne, fasa kwalba ya fi sauƙi a kan cike ramin da ke sa mutum neman ta. Gajiya, rashin aiki, kaɗaici, su ne ramin. Hanin Alƙur'ani ma a hankali ya sauka, sai da aka gina zukata tukuna.

Abin da nake ba ku shawara ku ɗanɗana

Kun tuna na ce matakin farko zaƙi yake bayarwa? Shi ne kunun zaƙi. Gadon tsiro da ya shigo Musulunci tare da kakanninmu ke nan. Na bi gidaje da kasuwanni na ɗanɗana iri-iri, ga ukun da na fi so.

Na ɗaya, jan kunu na kaura. A jiƙa tiya guda ta kwana, a wanke, a niƙa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. A raba ƙullun, kaso mai yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bari ya huce har yatsa ya iya jurewa. Sannan a zuba ɗan kason da aka niƙa da tsiro cikin tafin hannu biyu. In aka zuba da zafi an kashe aikin. Da safe za a tarar ya tsinke ya yi zaƙi da kansa. A tace, a sa mazarƙwaila maimakon sukari, mu da rake ke fadamarmu. Launinsa ja ne mai duhu, yana da nauyi a baki, da ɗan ɗacin bayan harshe. Wannan shi ne gwanina.

Na biyu, farin kunun gero da busasshen dankali a madadin tsiro. Ya fi sauƙi, ya fi ɗan tsami, shi ne na tsakar rana in an taso daga gona.

Na uku, kunun alkama. Yana da santsi da laushi, ya fi daɗi da ɗuminsa da sanyin safiya. Tsada gare shi, don haka na ranar baƙi ne.

Sharaɗi ɗaya: a sha shi ranar da aka tace. In ya kwana cikin zafin nan namu ya fara kumfa da sauya wari, mataki na biyu ya kama hanya, a zubar. Ya zo a hadisi cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya barin jiƙon ya wuce kwana uku. Wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa.

Kammalawa

A garin Hoegaarden na ƙasar Beljiyam, gidan ƙarshe mai dafa giyar alkama ya rufe a 1957. Da ilimin ya tafi ke nan, ba don wani mai sayar da madara, Pierre Celis, wanda ya taɓa taya tsohon mai gidan aiki yana saurayi, ya tuna yadda ake yi ya farfaɗo da ita a 1966 ba. Ni ba giyar ce ta dame ni a labarin ba. Abin da na ɗauka shi ne, ilimin hannu na iya rataya a wuyan mutum ɗaya, in ya mutu a binne su tare.

Don haka ga roƙona. Wannan hutun, kowa ya zauna da tsohuwar gidansu da biro da takarda. A tambaye ta wace dawa ta fi yin tsiro, kwana nawa da zafi, kwana nawa da ɗari, wane ganye ake lulluɓawa, yaya ake gane ya yi. A tambayi tsofaffi yadda ake kiran gayya da abin da ya kashe ta a unguwarsu. Mu kawo mu haɗa a fitowa ta gaba. Ƴan ajin kimiyya kuma su gwada mana yadda jan kunu zai kwana uku a kwalba bai juya ba, ko ta hanyar dafa kwalbar cikin ruwan zafi bayan an toshe ta. In muka dace, watakila wata rana a sha na Dungu a Zinder da Daura, matanmu su samu sana'a, dawarmu da rakenmu su yi daraja.

Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa. Allah ya tsare mu da ƙannenmu daga duk abin da ke gusar da hankali, ya jiƙan magabatanmu Musulmi, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.